Tambaya: Yaya ake fara ajiye kifin ado a gida, alhali wuta ba ta tsayawa?

Maman Walida, Kano:

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaishe da iyaye da yayye da ke wannan zaure. Yarana sun daɗe suna roƙon a sayo musu kifin ado, irin ƙananan nan masu launi da ake ajiyewa a akwatin gilashi a falo, ni kuma ba na son in ɗauko rai in kawo gida sai na san yadda ake riƙonsa. Na leƙa wani shago da ake sayar da su, mai shagon ya nuna mini wata 'yar tasa ta gilashi wadda ba za ta ci ruwan da ya wuce lita 5 ba, ya ce in zuba kifin gwal guda 3 a ciki, in riƙa zubar da ruwan gaba ɗaya ina sabuntawa duk mako, shi ke nan. Maganar ba ta kwanta mini a rai ba, domin maƙwabciyata ta bi irin wannan shawara, kifayenta kuma ba su cika mako biyu ba suka fara taruwa a saman ruwa suna buɗe baki, daga nan suka mutu ɗaya bayan ɗaya.

Abin da nake son sani shi ne girman akwatin da ya dace da wanda bai taɓa yi ba, da irin ruwan da ake zubawa. A unguwarmu famfo yakan zo jefi-jefi, yawancin ruwan da muke amfani da shi na burtsatse ne da 'yan garuwa ke kawowa a jarka. Babbar damuwata kuma ita ce wuta, domin na ga duk akwatin da ke shagon akwai na'urar da ke hura masa iska, mu kuwa wuta takan yini ba ta zo ba. Wane kifi ne zai iya jure wannan hali, da zafin Kano na watan Afrilu?

Malam Mai Kifi, Kaduna:

Wa alaikumus salam. Hajiya, kin yi dabara da kika tsaya tambaya kafin ki sayi komai, kuma ina ba ki shawara ki bar waccan tasa a inda kika gan ta. Mutane suna zaton ƙaramin mazubi ya fi sauƙin kulawa, alhali a wannan harka ƙaramin ne ya fi wahala, domin ruwa kaɗan nan da nan yake gurɓacewa, nan da nan kuma yake ɗaukar zafi ko sanyi. Ki nemi akwati mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 30, wanda yake cin lita 54. Masu aikin gilashi suna iya haɗa miki shi da gilashi mai kaurin milimita 6, amma ki jaddada musu cewa su liƙe shi da silikon da aka yi domin akwatin kifi, saboda irin wanda ake liƙe banɗaki da shi yana ɗauke da maganin kashe fumfuna, wanda guba ne ga kifi. Ki kuma tuna cewa kowace lita ta ruwa kilo 1 ce, don haka idan aka haɗa da yashi da gilashin kansa nauyin zai haura kilo 60. Teburin da za a ɗora shi dole ya zama mai ƙwari, wanda bai karkace ba, a kusurwar da rana ba ta bugawa.

Abin da ya kashe kifin maƙwabciyarki, a bisa yadda kika siffanta, abu ne da ido ba ya gani. Kifi yana fitar da wani sinadari mai suna amoniya ta wurin numfashinsa da kuma kashinsa, abincin da ya rage ya ruɓe a ƙasa shi ma amoniya yake komawa, ita kuwa ko kaɗan ce tana ƙona wurin numfashin kifi. A kogi yawan ruwa yana tafiya da ita. A cikin akwati babu mai kawar da ita sai wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani, waɗanda suke zama a jikin soson filta, wato na'urar da ke tace ruwan akwati, da yashi da duwatsu. Rukuni na farko yana mayar da amoniya ta zama naitirait, wanda shi ma guba ne domin yana hana jinin kifi ɗaukar iskar oksijin, rukuni na biyu kuma yana mayar da naitirait ya zama naitiret, wanda kifi yake iya jurewa har zuwa lokacin da za a sauya ruwa. Sabon akwati ba shi da waɗannan ƙwayoyi, kuma kafin su yawaita yadda za su iya ɗaukar dattin kifi ana ɗaukar mako 4 zuwa 6. Wanda ya zuba kifi ranar da ya cika akwati ya jefa su cikin guba mai ƙaruwa kullum, ko da ruwan ya yi garau kamar a sha.

Saboda haka yadda ake yi shi ne a wanke yashi da ruwa zalla har sai ya daina fitar da ƙura, ba tare da sabulu ko omo ba, a shimfiɗa shi, a cika akwatin, a kunna filta, sannan a riƙa jefa ɗan tsunkulin abincin kifi kowace rana alhali babu kifi ko ɗaya a ciki. Abincin zai ruɓe ya ba ƙwayoyin abin da za su ci su hayayyafa. Idan kin samu kayan gwajin ruwa, alamar cewa akwati ya nuna ita ce amoniya ta koma 0, naitirait ya koma 0, naitiret kuma ya bayyana. Idan kina da wanda ya daɗe yana ajiye kifi masu lafiya, ki roƙe shi ɗan yankin soson filtarsa, ki kawo shi a jiƙe cikin ruwan akwatinsa ki sa a naki, wannan yana rage jiran sosai.

Game da ruwa kuwa, na famfo ana sa masa kulorin domin kashe ƙwayoyin cuta, kulorin kuma ba ya bambance ƙwayar cuta da waɗannan masu amfani, sannan yana illata kifin kansa. Idan aka tara ruwan a buɗaɗɗen bokiti ya yi kwana 2 yawancin kulorin yana fita, amma akwai nau'in da ake kira kuloramin wanda ajiya ba ta fitar da shi, don haka maganin cire kulorin da ake sayarwa a kwalba ya fi tabbas, ɗigo kaɗan ne kuma yake isa. Ruwan burtsatse ba shi da kulorin, sai dai yana fitowa daga ƙarƙashin ƙasa da ƙarancin oksijin, shi ma a bar shi ya kwana a buɗe kafin a zuba. Ki lura da jarkar da aka kawo shi a ciki, kada ta kasance wadda ta taɓa ɗaukar kananzir ko fetur, ki kuma ware bokiti ɗaya wanda ba a wanki da shi har abada. Da zarar kifi sun shiga, abin da ake sauyawa kashi ɗaya cikin huɗu ne na ruwan kowane mako, a zuƙo shi da tiyo daga ƙasa inda datti yake kwanciya. Soson filta kuma a matse shi a cikin wannan ruwan da aka cire, kada a kai shi bakin famfo, domin wankewa ɗaya da ruwan kulorin tana mayar da mutum farkon aiki.

Injiniya Ɗan Sakkwato:

Hajiya, duk abin da Malam ya faɗa haka yake, ni kuma zan ɗora a kan batun wuta da zafi, tun da a nan Sakkwato su ne matsalarmu ta kullum. Kada ki sayi filta mai babban injin da ke rataye a bayan akwati, ko wadda ake ajiyewa a ƙasa a rufe. Idan wuta ta ɗauke ta yi awoyi da yawa, ruwan da ya tsaya a cikinta yana rasa oksijin, ƙwayoyin da Malam ya yi bayani suna mutuwa, wuta na dawowa kuma sai ta kwararo wannan ruɓaɓɓen ruwa cikin akwati. Wadda ta dace da mu ita ce filtar soso, wadda take zaune a cikin ruwan akwatin, ƙaramin famfon iska yana hura mata ta siririn tiyo. Ƙarfin wutar da irin wannan famfo yake ci bai wuce wat 2 zuwa 3 ba, akwai kuma waɗanda ake jonawa da fawa banki kamar yadda ake cajin waya, akwai masu batir a ciki da suke ci gaba da aiki da kansu idan an ɗauke wuta. Wanda yake da sola ko imbata a gida ba zai ma ji nauyinsa ba. Ki sa ɗan makarin da ke hana ruwa komawa baya a jikin tiyon, ko ki ɗora famfon a wurin da ya fi saman ruwan tsayi, domin idan ya tsaya ruwa yana iya biyo tiyon ya gangaro cikinsa.

Zafi shi ne ya fi ba ni tsoro. Yawancin kifin ado da ake sayarwa suna son ruwa mai zafin digiri 24 zuwa 28, mu kuwa a watannin Afrilu da Mayu iskar waje tana haura 40, ruwan akwati a cikin ɗaki yana iya wuce 32. Ruwa mai zafi ba ya riƙe oksijin da yawa: a digiri 20 lita ɗaya tana ɗaukar kimanin miligiram 9, a digiri 30 kuwa ba ta wuce 7 da rabi ba, a daidai lokacin da jikin kifin yake ƙara buƙatarta, amoniya kuma take ƙara dafi. Maganinsa mai arha shi ne a ɗaga murfin, a sa raga a madadinsa, a juya ƙaramar fanka ta riƙa kaɗa saman ruwan. Busasshiyar iskarmu tana taimakawa ƙwarai a nan, domin yadda randa take sanyaya ruwa ta hanyar tsattsafowa da bushewa, haka fankar take sauke zafin akwati da digiri 2 ko 3. Ruwan zai riƙa raguwa da sauri, sai a cika, amma cikawa ba ta maye gurbin sauyin mako, domin abin da ya tashi ruwa ne zalla, datti da gishirin ma'adinai suna nan a ciki suna ƙara kauri. Kada a jefa ƙanƙara kai tsaye, saboda sauyin zafi farat ɗaya ya fi zafin kansa cutar da kifi.

Inda na ɗan saɓa wa Malam shi ne batun kayan gwaji, waɗanda ba ko'ina ake samunsu ba, idan an samu ma da tsada. Wanda bai samu ba ya cika mako 6 ɗin nan cur, ya sauya rabin ruwan, ya fara da kifi 3 kacal, ya ƙara wasu bayan mako 2. A ƙasar da wuta take ɗaukewa, ƙarancin kifi a cikin akwati shi ne babbar kariya, domin akwatin da ba a cunkusa ba yana iya kwana babu famfo kifin su wayi gari lafiya. Idan abin ya yi tsanani, aka ga sun taru a sama suna haki, a ɗebi ruwan akwatin da kofi a riƙa kwararo shi daga sama na 'yan mintoci, a kuma dakatar da ba su abinci har wuta ta dawo.

Maman Walida, Kano:

Na gode ƙwarai, Malam da Injiniya, Allah ya saka da alheri. Na fahimci cewa akwatin zai zauna babu kifi fiye da wata guda, kuma zan yi wa yaran bayani su yi haƙuri. Abin da ya rage mini shi ne zaɓen kifin. Shin kifin gwal ɗin nan ba zai yiwu a lita 54 ba ko da guda 2 ne? Su ne yaran suka fi so. Babansu kuma yana cewa me zai hana a samo 'ya'yan tarwaɗa ko ƙarfasa a wurin masu kiwo, tun da su 'yan ƙasa ne, sun saba da ruwanmu da zafinmu. Sannan lokacin hunturu fa, sai an sayi hita?

Anti Likitar Dabbobi, Zariya:

Maman Walida, ki lallashi yaran su haƙura da kifin gwal. Asalinsa daga ƙasar Sin yake, inda aka fara kiwonsa fiye da shekara 1000 da suka wuce, kuma kifin ruwan sanyi ne wanda ya fi walwala a wajen digiri 18 zuwa 22. Wanda kika gani a shago jariri ne. Idan ya samu kulawa yana kai tsawon santimita 20 ko fiye, yana rayuwa sama da shekara 10, ga ci ga yawan kashi. Guda 2 a lita 54 a zafin Kano wahala ce kawai gare su da ke. Shawarar maigida ma tana da irin wannan cikas, domin tarwaɗa cikin 'yan watanni za ta fi ƙarfin akwatin, kuma duk abin da ya shiga bakinta haɗiyewa take yi, ƙarfasa kuwa tana tone yashi, tana tumɓuke tsirrai, tana faɗa idan ta balaga. Waɗannan na kududdufin kiwo ne.

Wanda na fi amincewa da shi ga mai farawa a yanayinmu shi ne gofi, ɗan ƙaramin kifin nan mai faffaɗar wutsiya mai launuka, wanda asalinsa daga arewa maso gabashin Kudancin Amurka ne da tsibirin Tirinidad. Namijinsa bai wuce santimita 3 zuwa 4 ba, yana jure zafi fiye da yawancin 'yan uwansa, yana kuma son ruwa mai ma'adinai, irin wanda yawanci ake samu daga ƙarƙashin ƙasa. Filati, wani ƙaramin kifin ado, shi ma yana son irin wannan ruwa. Guda 6 zuwa 8 sun isa akwatinki. Abin lura shi ne gofi ba ƙwai yake sakawa ba, haihuwa yake yi, macen kuma tana iya zubo 'ya'ya kusan kowane wata, don haka idan ba ki shirya wa yawansu ba ki sayi maza zalla, waɗanda dama su ne masu kyan launi. Idan kuwa kina son yara su ga haihuwa, ki haɗa namiji 1 da mata 2, saboda kada ya takura wa guda. Duk ranar da suka yi miki yawa ki ba wasu, ko ki mayar wa mai shago, kada a zuba su a kogi ko magudanar ruwa, domin baƙon kifi yana iya mamaye wurin da ba nasa ba. Wani zaɓin shi ne beta, kifin faɗa na ƙasar Tailan, wanda yake da wata gaɓa da ke ba shi damar shaƙar iska daga saman ruwa, abin da ya sa ɗaukewar wuta ba ta cika damunsa ba. Shi kuma namiji ɗaya tak ake ajiyewa, kada a haɗa shi da gofi domin yana iya yayyaga musu wutsiya.

Idan maigida yana son ɗan ƙasa, akwai su. Kifin da masu wannan harka suke kira kiribensis daga kudancin Nijeriya da Kamaru yake, kuma ana kiwonsa a Turai da Amurka saboda kyansa, sai dai mata da miji suna buƙatar akwatin da ya fi naki girma, don haka a bar shi sai hannu ya faɗa. Tsiron anubiyas, mai kaurin ganye, shi ma ɗan Afirka ta Yamma ne, ba ya buƙatar haske mai yawa. Ana ɗaure shi ne a jikin dutse ko itace, ba a binne kaurin jijiyarsa a yashi domin ruɓewa take yi.

Ranar da kika sayo kifin, ki ɗora ledar a kan ruwan akwatin ta yi minti 15 zuwa 20 zafinsu ya daidaita, ki riƙa zuba ɗan ruwan akwatin a cikin ledar kaɗan-kaɗan, sannan ki kwashe su da 'yar raga, ruwan shagon kuma ki zubar. Abinci sau ɗaya ko biyu a rana, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti 2. A gidan da yara suke, wannan shi ne wurin da ake samun ɓarna, domin kowa ya wuce sai ya barbaɗa musu, don haka gwangwanin abincin ya zauna a hannunki. Batun hita kuwa, ki fara sayen ma'aunin zafi. A daren Disamba da Janairu ruwa yana iya sauka ƙasa da digiri 22, irin wannan sanyi kuma shi yake buɗe ƙofa ga cutar da ke fesowa da fararen ɗigo-ɗigo a jikin kifi. Hita mai wat 50 ta isa lita 54, idan kuma babu wuta, a rufe akwatin a lulluɓe shi da bargo da dare.

Baban Sadiq, Haɗeja:

Ina da abu biyu da ban ga an ambata ba, Hajiya. Na farko maganin sauro ne. Wanda ake fesawa da wanda ake kunnawa yawancinsu suna ɗauke da sinadarin da ke kashe kifi ko da ɗan mitsitsi ne ya sauka a ruwa, famfon iska kuma yana zuƙo iskar ɗakin ne ya tura ta cikin akwati. Idan za a yi feshi a falon, a kashe famfon, a rufe akwatin ruf da leda da jiƙaƙƙen tawul, kada a buɗe sai an buɗe tagogi ɗakin ya sha iska sosai. Wanda ya shafa mai ko turare, ko ya taɓa maganin ƙwari, ya wanke hannunsa da ruwa zalla kafin ya tsoma shi, ya kuma zare duk wata waya daga soket tukuna.

Na biyu, za a ba ki shawarar ki ɗebo kainuwa daga tafki ki ɗora a saman ruwan, kuma gaskiya ne tana shan naitiret, tana rage gansakuka, tana ba 'ya'yan kifi wurin ɓuya. Amma mu da muke zaune a bakin fadama mun san cewa ƙananan dodon koɗi da ke maƙale a jikin tsirran ruwa su ne suke ɗauke da tsutsar da ke haddasa tsargiya, kuma ta fata take shiga jikin mutum. Kada ki tura yara ɗebowa, kada kuma ki sa tsiron tafki kai tsaye a akwatin da za su riƙa tsoma hannu. Ya fi aminci ki karɓi tsiro daga wanda ya raine shi a akwatinsa, shi ma ki duba ƙarƙashin ganyen da saiwar ki cire duk dodon koɗi da ƙwansa kafin ya shiga naki. Idan kainuwar ta kama, ki riƙa rage ta duk mako kada ta rufe fiye da rabin saman ruwan, domin ta nan iska take shiga.